Garau Mai Noman Gansakuka

Mutane da yawa a unguwar ba su san sunansa na yanka ba. Garau suke ce masa, yara kuma su ce Baba Garau, shi ma ya amsa da fara'arsa. Dogo ne siriri, da ɗan gemu da furfura ta fara ci, kuma duk rigar da ka gani a jikinsa, komai tsufanta, za ka rantse yanzu aka sauke ta daga igiya.

Tsabtar gado ya yi. Mahaifinsa wanki da guga yake yi a wani babban otal, shi ya kai shi wurin tun yana saurayi, aka damƙa masa tafkin ninƙaya. Kayan aikinsa ba su da yawa: doguwar sanda mai raga a baki, buroshi, bokitin kulorin, da 'yar kwalbar gwada ruwa. Da su ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana yaƙi da abokiyar gaba guda ɗaya, wato gansakuka. Ya san inda take laɓewa, tsakanin tayil da tayil, ƙarƙashin matakala, bayan fitilar cikin ruwa. Idan ya hango ɗan kore-kore a wata kusurwa, har magana yake yi mata kamar mutum, yana tambayarta wa ya gayyato ta. Kullum safiya manaja zai leƙo ya tambaye shi yaya ruwa, shi kuma amsarsa ba ta canzawa: garau. A nan sunan ya samo asali.

Abin da ma'aikatan otal ɗin ke yi masa dariya a kai shi ne, duk tsawon zamansa a bakin ruwa bai iya iyo ba. Ko ƙafarsa bai taɓa sakawa a ɓangaren mai zurfi ba. Yana aiki ne yana rarrafawa da gefe, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan yana laluben abin kamawa. Matarsa, wadda tela ce da ke ɗinki a ɗakin gaba na gidansu, takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mai kiwon abin da yake tsoro ba sai mijinta.

Ana nan sai aka sayar da otal ɗin. Sabon mai shi ya duba ya ga wurin ajiye motoci ya fi masa amfani, ya sa aka cike tafkin. Garau na tsaye tifa ta juye ƙasa a kan tayil ɗin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gogewa. Ya ɗauki buroshinsa ya tafi gida.

Zaman gida bai karɓe shi ba, gidan ma bai ji daɗin zamansa ba. Ya wanke tankin ruwa, ya wanke na maƙwabta, ya kankare gindin tukwane har suka fara yoyo. Ranar da ya kwance keken ɗinkin matarsa don ya goge cikinsa, alhali tana da kayan mutane a hannu, ranar ta kira ƙaninta a waya. Ƙanin nata direba ne a wata cibiyar bincike da ke bayan gari, mutum mai barkwanci wanda ba ya ganin mijin yayarsa bai tsokane shi ba. Ta roƙe shi don girman Allah ya samo wa yayansa abin yi kafin ya wanke fentin bango. Aka yi sa'a cibiyar na neman mai share harabar gida, sai Direba ya ba da sunansa.

Ranar farko Garau ya yi sammako, ya riga kowa isa in ban da mai gadi. Mai gadi ya nuna masa tsintsiya da ɗakin ajiye kaya, ya koma kan bencinsa. Garau ya share gaba tas, ya zagaya baya, nan ya ci karo da abin da ya tsayar da shi cak. Tafkuna uku ne dogaye, an shimfiɗa musu baƙar leda mai kauri, kowanne da farfela tana tura ruwa yana kewayawa. Ruwan kuwa kore shar, ya yi kauri, ko yatsa ka tsoma ba za ka ga farcenka ba. Ya riƙe haɓa yana mamakin yadda masu ilimi za su zauna da irin wannan ƙazanta a bayan ofishinsu. Ya ji tausayinsu ƙwarai. Ya naɗe hannun riga, ya nemo inda ake zurar da ruwan tafki na farko, ya buɗe.

Kafin hantsi ya ɗaga ledar nan tana ƙyalli. Yana cikin ɗauraye kusurwar ƙarshe ya ji takun tafiya da sauri. Wata mata ce gajeruwa mai tabarau, da farar riga a kan kayanta da takalmin roba, Direba na biye da ita riƙe da jakarta. Ita ce Dakta, mai kula da aikin tafkunan. Garau ya miƙe ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta yi haƙuri ɗaya kawai ya samu gamawa, amma sauran biyun ba za su kai yamma ba.

Ta dubi tafkin, ta dubi kwatar da koren ruwan ya bi, ta jawo wani bokiti ta kife ta zauna a kai. Direba ya ajiye jakar a hankali ya sulale bayan mota.

"Baba," in ji ta da murya ƙasa-ƙasa, "abin da ka zubar ɗin nan shuka shi muka yi. Tun farkon shekara muke rainonsa."

Garau ya ɗauka bai ji daidai ba. Da ta maimaita, sai ya gane ɓarnar da ya yi. Ya ba da haƙuri iya bayarwa, sannan da ya ga har yanzu ba ta ɗago ba, ya ce mata kada ta damu, akwai wata kwata a bayan gidansu da gansakuka ta yi wa katutu, yanzu zai je da jarka ya ɗebo mata, ko nawa take so, kyauta.

Dakta ta ɗago ta dube shi, ta ga da gaske yake. Dariya ta kufce mata, ta yi ta yi har sai da ta cire tabarau ta share ido. Da ta lafa ta ce ya biyo ta. Ta kai shi wani ɗaki mai sanyi, cike da kwalabe jere a kan kanta ƙarƙashin fitilu, kowace da koren ruwa yana ɓulɓula. Ta ce wannan shi ne irin, don haka asarar ta lokaci ce kawai. Ta ce ba kowace gansakuka ba ce, wannan zaɓaɓɓiya ce mai tara mai a cikinta, kuma man nan idan aka tace shi aka sarrafa, injin da ke shan dizal zai iya sha. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce ya leƙa.

Ya daɗe a sunkuye. 'Yan ƙwallaye ne kore, zagayayyu, birjik, wasu na rabewa biyu a gaban idonsa, kuma a cikin kowace akwai ɗan ɗigo mai sheƙi. Dakta ta ce ɗigon nan shi ne man. Garau ya ɗago yana murza ido, ya ce shekara da shekaru suna faɗa da ita, bai taɓa ganin fuskarta ba sai yau, ashe ma kyakkyawa ce. Dakta ta ce to ga hukuncinsa: tunda shi ya zubar, shi zai cika tafkin, shi zai raine ta har ta koma yadda take. Shara kuwa a nemi wani.

Labarin ya riga shi isa gida, don Direba bai iya riƙe magana ba. Ya tarar da matarsa ta kifa kai a kan keke tana dariya, yaransu na taya ta. Da ta samu numfashi ta tambaye shi ko zai riƙa yi wa gansakukar waƙar raino ne. Ya ce ta yi dariyarta, shi yanzu manomi ne.

Ya kama aikin da irin naciyar da ya saba. Ya koyi auna taki da cokali, ya koyi duba zurfin ruwa da sanda mai zane, ya san cewa idan farfela ta tsaya gansakukar ƙasa ba ta samun rana. Da farko hannunsa kan yi ƙaiƙayi idan ya ga ruwan ya fara sauya launi. A hankali ya koma shi ne mai zuwa ofishin Dakta da murna ya ce yau koren ya fi na jiya. Wata rana ya miƙa sanda zai tsamo wani ganye, santsin leda ya kwashe shi, sai ga shi tsamo-tsamo a ciki. Ya yi ta dukan ruwa yana salati yana kiran a kawo igiya, ɗaliban da ke koyon aiki a cibiyar suka fito da gudu, Dakta ta tsaya a bakin tafki ta ce masa ya daure ya miƙe tsaye. Ya miƙe. Ruwan ko gwiwarsa bai kai ba. Ya fito da koren gemu, ya roƙi kowa kada Direba ya ji, amma kafin la'asar har mai sayar da shayi na bakin titi ya yi masa barka da arziki.

Da tafkin ya cika ya yi kauri, Garau ya tambayi Dakta yaushe za a yi girbi, kuma da wane irin lauje. Ta ce ai tambayar da ya yi ita ce ta hana masana da yawa barci. Shuka gansakuka ba wuya, raba ta da ruwa shi ne aiki, domin ƙanƙantarta ta wuce misali, kuma ba ta kwanciya ƙasa da kanta sai an gaji da jira. Garau ya ce a bar masa. Ya gwada ragarsa ta otal, ruwa ya wuce da korensa. Ya karɓo ƙyalle mafi laushi a wurin matarsa ya tace, rabi ya zurare, rabi ya toshe ƙyallen har ɗigo ya daina sauka. Dakta ta bar shi ya gama gwaje-gwajensa, sannan ta nuna masa wani inji da ke wulwula ruwa da ƙarfi har gansakuka ta taru a gindi. Ta ce yana yi, amma wutar da yake sha ta fi man da za a samu, kamar ka ƙona jarka biyu don ka samu ɗaya. Abin da take bincike a kai wata hanya ce dabam.

Ta ba shi takunkumi da safar hannu, ta ce kada ya kuskura ya cire. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai baƙin gari. Garau ya ce wannan ai kwalli ne. Ta ce dangin tsatsar ƙarfe ne, su suke haɗa shi a ɗakin gwaji, ana ce masa ƙwayoyin nano saboda tsananin ƙanƙanta. Idan da za a tsaga gashin gemunsa ɗaya gida dubbai, to kowace ƙwaya kamar tsagi ɗaya take. Ta ce an yi wa ƙwayoyin wani shafi da ke sa su manne wa gansakuka duk inda suka haɗu. Ta dama kaɗan a ruwa, ta zuba a kofin gilashi cike da ruwan tafkinsa, ta juya da sanda. Koren ya ɗan yi duhu. Sai ta ɗauko maganaɗisu kamar girman kwalin ashana ta jingina a jikin kofin.

Garau na kallo koren ya tashi gaba ɗaya ya nufi gefe guda, kamar an kira shi da suna. Ya dunƙule a jikin gilashin daidai inda maganaɗisun yake, sauran ruwan ya washe har yana hango tabaran Dakta ta cikinsa. Ya ja da baya, ya matso, ya zagaya kofin. Ya ce ta sake. Ta janye maganaɗisun ta girgiza, ruwa ya koma kore, ta mayar, ya washe. Sai da ta yi masa har ta gaji, ta ce Baba sauran aiki na jira.

Ta bayyana masa cewa ba wani siddabaru: garin ya kama gansakuka, maganaɗisu ya ja garin, gansakuka ta bi dole. Bayan an kwashe, a wanke dunƙulen da wani ruwa da ke sa su saki juna, a mayar da garin kwalba don girbi na gaba. Ta ja masa kunne sosai a kan abu biyu. Garin nan kada ya shiga huhun mutum, kuma kada ko kaɗan ya bi kwata ya fita waje, don ba a gama sanin abin da zai yi wa kifi da ƙasa ba. Wannan doka ta yi wa Garau daɗi. Daga ranar ya zama ɗan sandan takunkumi, har Dakta kanta ya taɓa mayarwa daga bakin ƙofa don ta manta nata a wuya.

Abin da ya yiwu a kofi sai an yi dabara kafin ya yiwu a tafki. Dakta ta zana wata ganga da za a jera maganaɗisu a cikinta, tana juyawa a cikin indararo, ruwan tafki na bi ta ƙarƙashinta, ita kuma tana ɗauke koren. Manyan maganaɗisun da ta yi oda sun maƙale a hanya, ita kuwa ba ta iya zaman jira ba. Ta ce a gwada da na cikin tsofaffin sifiku. Garau da Direba suka shiga gari, shago-shago, wurin masu gyaran rediyo, suna tambayar matattun sifiku. Wani ya ɗauka makaɗa ne su, wani ya ce su faɗi gaskiya ko zinariya ce a ciki. Garau ya ajiye ɗan ƙarami guda ya kai wa matarsa. Ta karɓa tana taɓe baki, ya ce ta ja shi a kan tabarmar ɗinki. Ta ja, sai ga allurai da fil-fil da ta daɗe da fid da rai da su sun fito sun manne. Tun ranar ta rage tsokana, har takan tambaye shi lafiyar gonarsa.

Wanda aka ba haɗa gangar wani mai walda ne na bakin hanya, ƙato mai babbar murya, wanda ya yi imani babu matsalar da ƙarin walda ba ta magani. Shi da Garau ba su jitu ba tun ganin farko. Mai walda na yar da guntayen ƙarfe duk inda ya tsaya, Garau na bin sa da tsintsiya yana mita. Mai walda ya ce shi bai taɓa aiki da uwar gida mai gemu ba. Garau ya ce shi ma bai taɓa ganin wanda ke zubar da shara da hannu biyu ba. A haka suka saba, har ya zama kwano ɗaya suke ci da rana, suna ci suna musu.

Ranar gwaji kowa ya taru. Kafin a kunna ma gangar ta fara nuna hali: ta fizge sifana daga hannun mai walda, ta kama makullan Direba ta cikin aljihu har ya manne da ita, agogon Garau kuwa ya tsaya bai sake motsi ba. Aka zuba garin a ruwa, aka saki indararo, mai walda ya kunna. Ashe ya sa mata injin da ya fi ƙarfinta, don a ganinsa sauri shi ne aiki. Gangar ta ɗauki koren kamar yadda aka so, ta watsa shi sama. Duk wanda ke wurin sai da ya samu rabonsa, har da shugaban cibiyar da ya leƙo cikin fararen kaya don ya sa albarka. Shugaban ya dubi rigarsa, ya ce to ko ba komai ya shaida tana kamawa. Garau bai tsaya dariya ba, ya tare bakin kwata da buhun yashi, ya sa kowa ya tuɓe rigar sama a wanke a baho ɗaya, ya bi ƙasa da maganaɗisu taku-taku har ya tabbata garin bai tsere ba.

Dakta ta koma ta yi lissafinta, ta ce a rage gudun sosai. Mai walda ya yi gardama, ta nuna masa a takarda, ya sosa ƙeya ya canza. Saura abin da zai kankare koren daga jikin ganga ba tare da ya ƙarje ta ba. Direba ya je ya ciro robar share gilashin tsohuwar motar cibiyar, aka ɗaura. Gangar ta koma juyi a natse, tana fitowa da kore kamar kunu mai kauri, robar na sharewa yana zuba a tire. Maganaɗisun sifika ba su da ƙarfi sosai, sai an mayar da ruwan ya sake bi, amma aiki ya kankama. Da na odar suka iso, bi ɗaya ya wadatar.

Ba kullum ake dariya ba. Ana cikin jin daɗin girbi, wata safiya Garau ya ga koren tafki ɗaya ya dusashe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yana wani ƙarni. Ya ɗebo a kofi ya ruga ofis. A ƙarƙashin madubi suka ga wasu ƙananan halittu masu baki kamar tsintsiya suna haɗiyar 'yan ƙwallayensa ɗaya bayan ɗaya. Dakta ta ce iska ko tsuntsaye ke kawo su, kuma suna yaɗuwa da sauri. Suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ceci tafki ɗaya, biyu suka tafi. Garau ya kasa cin abinci. Matarsa ta zauna kusa da shi ta ce ba ta taɓa zaton za ta yi wa mutum jaje a kan gansakuka ba, amma ga shi tana yi, kuma har zuciyarta. Washegari ya wanke tafkunan biyu, ya karɓo iri daga ɗakin kwalabe, ya sake farawa. Mai walda, ba wanda ya sa shi, ya zo da ƙarafa ya kafa musu rumfar raga don tsuntsaye.

Abin da aka girbe ana raba shi da baƙin garin, a shanya a tire, ya bushe ya zama kamar ɓawon fenti. Daga nan ya shiga ɗakin gwaji, inda Garau ba ya wuce bakin ƙofa saboda sinadaran da ake aiki da su. Bayan girbi da yawa Dakta ta kira shi ta ɗora masa kwalba a hannu. Mai ne, ruwan zuma-zuma, bai ma cika kwalbar ba. Garau ya ɗaga shi a rana, ya juya, ya tuna buhunan taki da ciwon baya da faɗawa ruwa.

"Dakta, duka ke nan?"

"Duka ke nan, Baba. Ba zan ɓoye maka ba, da sauran tafiya kafin a sayar da wannan a gidan mai. Wataƙila mu ne za mu kai, wataƙila wasu ne bayanmu. Amma a da wutar da muke ƙonawa wajen girbi ta fi man yawa, yanzu man ya fara rinjaye. Abin da muka samu ke nan."

Ya sake duban kwalbar, sannan ya ce to a zuba a inji a gani, don shi bai yarda da man da ba a ji ƙararsa ba.

Aka sa rana. Garau ya zo da matarsa da 'ya'yansa, ita kuma ta zo da rigunan aiki da ta ɗinka wa kowa, na mai walda har da aljihu na musamman wai don ya daina yar da ƙarfe a ƙasa. Aka fito da ƙaramin janareta tsakar harabar, aka gauraya man da dizal kaɗan, aka zuba. Direba ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya mutu. Mai walda ya ture shi ya ce aikin maza ne, ya ja da ƙarfin da ya kusa tsinke igiyar, injin ya kama, ya yi gurnani, ya daidaita. Ƙwan fitilar da aka jona ya kawo. Ɗalibai suka yi tafi, Dakta ta tsaya da hannu a aljihu tana murmushi.

Hayaƙin ne ya ba kowa mamaki. Maimakon warin dizal, wani ƙamshi ya tashi kamar ana suyar kifi. Ba a jima ba kyanwoyin ɗakin cin abinci suka fito, suka zauna a jere nesa kaɗan da injin suna jiran rabo. Matar Garau ta ce ita dai a sam mata kwalba ɗaya ta kai kicin. Aka jona butar lantarki aka dafa shayi, kowa ya sha, Garau na ta gaya wa 'ya'yansa su sha a hankali, wannan da gumin ubansu aka dafa shi. Ana zuba kofi na ƙarshe man ya ƙare, injin ya yi shiru.

Yanzu tafkunan sun ƙaru, an ɗauko masa mataimaka, ganguna sun zama biyu, kuma shi da mai walda har gobe ba su daina musu a kan wadda ta fi kyau ba. Makarantu sun fara kawo yara ziyara, kuma Dakta ta bar masa su, don ta ce ya fi ta haƙuri da surutu. Yakan sa musu takunkumi ɗaya bayan ɗaya, ya jera su, ya nuna musu tafki da ganga da kofi.

A irin wannan ziyara ce wata yarinya mai gibi ta ɗaga hannu bayan kowa ya gama tambaya. Ta ce ita abin da ba ta gane ba, mene ne a cikin maganaɗisun da yake jan ƙarfe, kuma me ya sa ba ya gajiya, alhali ba ya cin abinci ba a kuma sa masa batir. Garau ya juya maganaɗisun a hannunsa, ya ce mata gaskiya kullum yana riƙe da abin nan amma bai taɓa tambaya ba. Malamarsu ta ce mota na jira, ya roƙe ta ta ɗan ƙara musu lokaci. Ya kama hannun yarinyar suka nufi ofis, sauran yaran suka biyo su a baya. Dakta ta saurari tambayar, ta ajiye biron da ke hannunta, ta ce wannan ba amsar tsaye ba ce, a shigo da benci. Garau ya shigo da biyu, ya zaunar da yaran, shi ma ya samu gefe ya zauna a cikinsu.